Inbatar sola mai intanet, marar intanet ko ta biya-sannu: wa ke da ikon kashe maka wuta?

A watan Nuwamban 2024, wasu mutane a Amurka da Birtaniya da Pakistan suka wayi gari inbatocin solarsu ƙirar Deye, wato na'urorin da ke mayar da wutar fanel da batir ta zama irin wadda kayan gida ke amfani da ita, sun daina ba da wuta. Ba tsawa ce ta faɗa ba, ba kuma batir ne ya mutu ba. Rubutu kawai ya fito a gilashin na'urar, yana cewa ba a yarda a yi amfani da ita a wannan ƙasa ba, a mayar wa wanda ya sayar. Tushen abin rigimar kasuwa ce. Kamfanin Deye, wanda ke birnin Ningbo na ƙasar China, yana da yarjejeniya da kamfanin Sol-Ark na jihar Texas cewa shi ne zai riƙa sayar da irin wannan kaya a Amurka, su kuwa waɗannan inbatoci ta bayan fage suka shiga. Deye ya ce babu wani ma'aikacinsa da ya zauna ya danna maɓalli, wai tsarin tantancewa ne da aka gina a cikin na'urar ya tashi da kansa. Ga wanda ya biya kuɗinsa cif kuma yake zaune cikin duhu, duk ɗaya ne.

Mu a Jos maganar ta shafe mu fiye da yadda ake zato. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareto ya fi ƙarfin mutane da dama. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai kuɗin wutar masu Band A, rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, sannan a Oktoban shekarar aka yi kwana da kwanaki Arewa na cikin duhu bayan matsalar babban layin wuta na Ugwuaji zuwa Apir ta haɗu da ɓarnar da aka yi wa layin Shiroro zuwa Kaduna. Daga Rikkos zuwa Rayfield, daga Gangare zuwa Bukuru, kwanon gidaje ya cika da fanel. Mutum ya gudu daga hannun JED, kamfanin rarraba wuta na Jos, ne don wutarsa ta zama tasa. To kafin ya zuba kuɗin da ya kai na fili a wasu unguwanni, ya kamata ya san ko da gaske tasa ce.

Abubuwan da za a auna

Na farko shi ne wanda bai cika zuwa bakin masu saye ba: hannu nawa ne ke iya taɓa inbatar ba tare da sun shigo gidanka ba? Yawancin inbatocin zamani suna zuwa da wani ɗan dongul da ake sokawa a ƙasansu, ya kama wayifai ɗin gida ko layin waya, ya riƙa aika bayani zuwa rumbun kamfani a intanet. Ta nan ne kake ganin cajin batir a wayarka ko kana Abuja. Amma hanyar ba ta tafiya kaɗai ba ce, da dawowa. A na'urori da yawa, ta nan ake canza saiti, ta nan ake tura sabuwar manhajar cikin inbata, ta nan kuma ake iya tsayar da ita. Masu wannan dama sukan zama uku: kamfanin da ya ƙera, injiniyan da ya haɗa maka, da wanda ya ba ka kayan bashi idan bashi ne. Akwai na huɗu da ba a gayyace shi ba, wato ɓarayin intanet. A watan Agustan 2024 kamfanin tsaro na Bitdefender ya bayyana ramukan da ya gano a manhajojin duba inbata daga nesa na Solarman da Deye, a Maris ɗin 2025 kuma Forescout ya fitar da 46 a kayan Sungrow da Growatt da SMA. Kamfanonin sun toshe su, amma an dai ga cewa ƙofar tana nan.

Na biyu, shin na'urar za ta yi cikakken aikinta in babu intanet kwata-kwata? Na uku, kuɗin farko da na ɗawainiya. Farashin kayan sola na bin dala, abin da aka faɗa maka a Ahmadu Bello Way wannan watan ba lallai ya kai wata mai zuwa ba, don haka jerin daraja zan bayar, wanne ya fi wanne tsada. Na huɗu, ƙarko da gyara: in ta lalace, akwai mai buɗe ta a cikin Jos, ko sai an ɗora ta a motar Legas? Na biyar, in rigima ta tashi, wuyan wa za ka riƙe?

Wannan na ƙarshen yana buƙatar ɗan bayani. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin a yi masa bayani da harshen da zai gane, haƙƙin samun kaya mai inganci da zai yi aikin da aka saye shi dominsa, da haƙƙin mayar da kaya mai aibu. Ta kuma hana sharuɗɗan ciniki na zalunci. Sai dai hannun doka ya fi saurin kaiwa ga wanda ke da shago da rajista a Najeriya. Ba za ka kai masana'antar Ningbo ƙara daga Farin Gada ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, shi ya sa rasit mai ɗauke da sunan shago da lambar jikin na'urar ya fi duk wata rantsuwar baki.

Zaɓi na 1: ta zamani, daga dilan da kamfani ya sani, a jone da intanet

Ita ce mafi daɗin sha'ani, ba na musu. Inbata da cajar sola duk a akwati ɗaya, tana magana da batirin litiyom ta waya, tana zaɓar lokacin da za ta ɗauki wutar NEPA da lokacin da za ta bar ta. A watan Yuli da Agusta, lokacin da hadari ke rufe Jos yini guda, manhajar za ta nuna maka tun la'asar cewa batir bai cika ba, ka san ko za a kashe firiza da dare. In wani abu ya rikice, injiniya zai duba daga shagonsa ya gyara saiti ba tare da ka biya masa kuɗin Keke ba. Garanti ma ya fi tafiya daidai, domin kamfani na ganin tarihin na'urar, ba a tsaya gardamar ko kai ka ɗora mata kaya fiye da ƙima ba.

Kuɗinta na sama-sama ne, musamman manyan sunaye irin su Deye da Sunsynk da Victron. Akwai masu sauƙi irin su Growatt da Felicity da ake samu ko'ina. Wajen gyara, irin waɗannan marasa nauyi ba kasafai ake yi musu faci ba, allon cikin ake canzawa ɗungurungum, don haka ka tambayi dila ko yana ajiye allunan a nan.

Haɗarin kamfani ya kashe ta saboda rigimar yanki kaɗan ne in ta shigo ta hanyar da ta dace, domin abin da ya faru a 2024 kan kayan bayan fage ya faɗa. Abin da na fi jin tsoro a wannan zaɓi ba ya China, yana nan cikin gari. Al'adar da ta zama ruwan dare ita ce injiniya ya buɗe asusun manhajar da imel ɗinsa, ya zama shi ne mai gida a idon kamfani, kai kuma ya ba ka damar kallo kawai. Ranar da kuka saɓa kan cikon kuɗin aiki, ko ya bar gari, ko wayarsa ta ɓace, sai ka tarar ba ka iya canza ko saiti ɗaya a kayan da ka saya da guminka. Yawancinsu ba da mugun nufi suke yi ba, sauri ne da sauƙin aiki. Amma gyaran abin na minti kaɗan ne ranar haɗawa: a buɗe asusun da lambarka da imel ɗinka, kai ka ƙara shi a matsayin baƙo, ya kuma rubuta maka lambar sirrin shiga saitin da ke jikin gilashin.

Sai kuma mutuwar kamfani. SunPower, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin sola a Amurka, ya durƙushe a watan Agustan 2024, ya bar kwastomomi suna neman wanda zai ɗauki nauyin garantinsu da manhajarsu. Duk abin da ya dogara da rumbun wani, yana raye ne gwargwadon ran mai rumbun.

Zaɓi na 2: irin waccan, amma ta bayan fage ko ta hannu

Ga ta nan sabuwa fil a kwali, farashi ƙasa da na dila, mai kaya na cewa "Alhaji, kamfani ɗaya ne, kwantena ce kawai daban." Wataƙila gaskiya ya faɗa. Matsalar ita ce kwantenar wace ƙasa aka yi wa ita. Kamfanoni kan raba duniya tsakanin dilolinsu, lambar jikin kowace na'ura kuma tana nuna yankin da aka nufa da ita. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da rubutun nan na 2024 ya lissafa, amma dabarar da aka yi amfani da ita ba ta san iyakar ƙasa ba. Ko ba a kashe ta ba, garanti babu shi.

Ta hannu kuwa tana da nata ciwon: sau da yawa tana nan a ɗaure da asusun mai ita na farko. Ba za ka iya yi mata rajista ba sai ya sake ta, shi kuma yana iya ganinta da taɓa ta muddin tana kan intanet. In dole sai ka sayi irin wannan, a sake ta a gabanka kafin kuɗi ya fita, ko kuma ka ɗauka tun farko cewa ba za ta taɓa ganin intanet ba. Ni dai ba zan ɗora asibiti ko ɗakin sanyi a kanta ba. Araha ba ta ado.

Zaɓi na 3: ta zamani daga dila, amma an yanke ta daga intanet

Nan ne na fi karkata, kuma nan ne ake buƙatar natsuwa. Kayan ɗaya ne da zaɓi na 1, kuɗin ma ɗaya, dongul ɗin kawai ake zarewa a ajiye a durowa. Yawancin inbatocin da ake sayarwa a kasuwarmu an yi su ne don wuraren da wuta ba ta tsayawa, kuma suna aikinsu cikakke daga maɓallan jikinsu. Wanda ke son ganin lissafi a waya yana da hanyoyin da ba sa fita daga gida. Kayan Victron da dama suna magana da waya kai tsaye ta Bluetooth, na'urarsu ta Cerbo GX kuma ana iya buɗe ta a wayifai ɗin gida ba tare da an haɗa da shafinsu na VRM ba. Ga sauran, akwai manhajar Solar Assistant da ake ɗorawa a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, a jona ta da inbata ta waya, bayanin ya tsaya a gidanka. Wannan ƙarin kuɗi ne, kuma sai an samu yaro mai kan kwamfuta ya saita.

Abubuwa biyu kada su wuce ka. Na ɗaya, garanti. Wasu kamfanoni suna ɗaure shi da intanet. Tesla, alal misali, garantin shekara 10 yake ba batirinsa na Powerwall, amma ya rubuta cewa in an daɗe ba a jone ba yana iya tsayawa a shekara 4. Ka karanta takardar taka, ko ka sa dila ya rubuta a rasit cewa zare dongul bai taɓa garanti ba. Na biyu, zare dongul yana rufe ƙofa ne ga umarnin da zai zo gobe, ba ya goge abin da aka riga aka gina a ciki. Bayanin da Deye ya yi da bakinsa ya nuna cewa na'ura na iya ɗauke da tsarin tantance kanta. Don haka wannan dabara ba ta mayar da kayan bayan fage ya zama na halak. Amfaninta na ga wanda ya sayi kaya ta hanya mai kyau, yake kuma so ya zama shi ke yanke ranar da za a taɓa masa na'ura. In an fito da sabuwar manhaja mai gyara wata matsala ta gaske, sai ka mayar da dongul, a yi a gabanka da rana tsaka lokacin da akwai wutar NEPA, ka sake zarewa.

Gwajinsa mai sauƙi ne. Ranar haɗawa ka ce, "Injiniya, don Allah cire wayifai ɗin nan, ka nuna mini yadda zan canza cajin batir daga jikinta." In ya iya, shi ke nan. In ya ce sai da manhaja, ka san irin kayan da ka saya.

Zaɓi na 4: tsohuwar hanya, mai taransifoma, cajar sola daban

Masu nauyin nan da sai mutum biyu sun ɗaga, irin su Luminous da makamantansu, yawanci da batiran ruwa a jere. Babu wayifai, babu asusu, babu wanda zai taɓa ta sai ya ƙwanƙwasa ƙofa. Suna jure fizgar da firiza ko injin jan ruwan rijiyar burtsatse ke yi lokacin tashi, kuma masu gyaran lantarki na gari sun san cikinsu, su canza abin da ya ƙone ka ɗauko kayarka. Tunda caja daban take, in ɗaya ta lalace ɗayar na nan.

Kuɗin farko ya fi sauƙi, amma akwai ɗawainiya. Tana shan wuta ko ba a kunna komai ba, fiye da 'yan zamani. Batirin ruwa ba a so a sha fiye da rabinsa, ana ƙara masa ruwan batir lokaci-lokaci, kuma bayan 'yan shekaru sai an sake saye, alhali litiyom mai 51.2V da 100Ah yana riƙe kimanin yunit 5, ana shan mafi yawansa, kuma masu ƙera shi na lissafa masa caji dubbai. Sanyin Jos na taimakon batirin ruwa, domin zafi ne ke cin ransa, abin da 'yan'uwanmu na Kano da Sakkwato ke fama da shi. Ana iya haɗa ta da litiyom, sai dai a tabbatar cajarta ta dace da shi.

Abu ɗaya ya haɗa duk zaɓin nan: tsawa. Jos gari ne da ke kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200, damina kuma ba ta wasa. Tsawar da ke kashe inbata a unguwanninmu ba ta buƙatar izinin kowane kamfani. Kyakkyawar wayar da ake binnewa don sauke wuta cikin ƙasa da na'urar tare fizgar wuta a ɓangaren fanel da na NEPA ba kayan ado ba ne. Haka ma cenjoba, wadda za ta ba ka damar tsallake inbatar ka koma NEPA ko janareto duk ranar da ta tsaya, ko mene ne dalili.

Zaɓi na 5: biya-sannu

Kamfanoni irin su Sun King da d.light da Lumos sun kai wuta gidajen da ba za su iya tara kuɗin sola a dunƙule ba. A nan kashewa daga nesa ba ɓoyayyen abu ba ne, ita ce ginshiƙin cinikin, kamar dai wayoyin da ake saya bashi. Ka biya, a turo maka lambobi ka danna ko na'urar ta buɗe da kanta, kwanakin su ƙare ta rufe. Ban ga zalunci a ciki ba muddin an faɗa tun farko, don ba don makullin ba da babu wanda zai ba talaka kayan ba tare da jingina ba. Jimillar abin da za ka biya ta fi ta mai biya nan take, yawancin kayan kuma ƙanana ne: fitilu, fanka, talabijin, cajin waya, ko da yake yanzu ana samun manya.

Tambayoyin da za ka yi wa wakili kafin ka sa hannu: in na gama biya, kayan ya zama nawa ne ko haya nake yi? Zai buɗe har abada ba tare da ya sake neman layi ba? In na makara, kwana nawa kafin a zo ɗauka, kuma ina makomar abin da na riga na biya? A nuna maka amsar a rubuce.

| Zaɓi | Kuɗin farko | Ƙarko da gyara | Sauƙin aiki | Mai iya taɓa ta daga nesa |
|---|---|---|---|---|
| 1. Ta dila, a jone | Matsakaici zuwa mai tsada | Da garanti, ana canza allo | Mafi sauƙi | Kamfani, injiniya, ɓarawon intanet |
| 2. Bayan fage ko ta hannu | Ƙasa da na dila | Babu garanti | Sai sa'a | Kamfani, mai ita na farko |
| 3. Ta dila, an yanke intanet | Daidai da na 1, ko da ɗan ƙari | Kamar na 1, a duba sharaɗin garanti | Sai ka koyi maɓallan | Babu, muddin dongul na cire |
| 4. Mai taransifoma | Mai sauƙi, batir ke cin kuɗi daga baya | Mai juriya, ana gyarawa a gari | Tana son kulawa | Babu |
| 5. Biya-sannu | Mafi ƙanƙanta | Kamfani ke gyarawa lokacin biya | Mai sauƙi ƙwarai | Mai bin bashi, bisa yarjejeniya |

Wa ya dace da wanne

Wanda ya haɗa wa iyaye sola a Jos alhali shi yana aiki a Abuja ko ƙasar waje, zaɓi na 1 ne nasa. Tsoho ba zai tsaya karanta lambobin kuskure a gilashi ba, ganin abin daga nesa kuma ya fi haɗarinsa amfani. Sharaɗin kawai asusun ya zama da sunanka, kalmar sirri mai ƙarfi, kayan kuma daga dilan da za ka iya tabbatar da lambar na'urarsa wurin wakilin kamfani. Haka mai shaguna ko gidajen haya da yawa da ba zai iya zagaya su kullum ba.

Ƙaramin asibiti, ɗakin gwaje-gwaje, kantin magani mai firjin allurai, mai sayar da kifi da kaji masu sanyi, duk wanda tsayawar wuta na awa kaɗan ke jawo masa asara ko haɗarin rai: zaɓi na 3, da cenjoba, da janareto a gefe. Magidancin da ke kwana a gidansa kullum, yana wuce inbatar safe da yamma, shi ma nan ya fi masa, don ba ya buƙatar rumbun wata ƙasa ya gaya masa batirinsa ya cika.

Mai injin jan ruwa, mai gona a wajen gari inda layin waya ke zuwa yana ɗaukewa, da wanda ya fi yarda da mai gyaran unguwarsu a kan takardar garanti, su duba na 4, su kuma sa kuɗin sauya batir a lissafi tun yau.

Mai shayi, mai POS, ɗalibi a Unguwar Rogo, mai ɗaki ɗaya da ke son fitila da fanka da cajin waya, biya-sannu ya fi musu zaman duhu ko sayen mai kullum, in dai takardar ta ce kayan zai zama nasu a ƙarshe. Zaɓi na 2 kuwa na bar wa injiniyoyi da masu sha'awar kwance na'ura, waɗanda in ta rufe suna da wata a ajiye.